'Yar Mai Wanki

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda nake nan lafiya. Ya ƙafar? Ya Inna da hawan jininta? Ka ce mata ina gaishe ta, kuma ta rage gishiri ko da kai ba za ka rage ba.

Tunda ka ce waya ba ta da amfani ga kunnenka, ga takarda kamar yadda muka yi alkawari. Zan riƙa ba direban da ke bi ta wajenku.

Na fara aikin a makarantar renon yara, yau mako biyar ke nan. Wurin wani tsohon sito ne a bayan tashar mota, aka share shi, aka yi masa fenti, aka shimfiɗa tabarmi. Muna da yara ashirin da uku, daga 'yan shekara biyu zuwa biyar. Iyayensu ba su da muhalli. Wasu a ƙarƙashin gada suke kwana, yawancinsu kuma a wani kango ne da mai shi ya fara gini ya bari. Da safe mu yi musu wanka, su karya, mu yi wasa da waƙa da ƙirga, bayan azahar su kwanta. Mu uku ne: Shugaba, da ni, da mai dafa abinci, wadda yaran ke ce wa Uwar Tukunya.

Kawu, akwai abin da ba a koya mana a kwaleji ba. Yaran nan shiru ne ke hana su barci. In aka rufe ƙofa, ɗaki ya yi tsit, sai ka ga idanu tar-tar. In aka buɗe taga ƙarar motoci ta shigo, nan da nan kowa ya ɓingire. Kuma duk wanda ka ɗaga, sai guntun burodi ya faɗo daga cikin rigarsa.

Wadda ta sa na ɗauki biro ita ce wata yarinya 'yar kimanin shekara huɗu. Uwarta wanki take yi wa direbobi a bakin famfon tasha, shi ya sa muke ce mata 'Yar Mai Wanki. Kullum tsaf ake kawo ta, kitsonta a gyare. Amma tunda na zo ban ji kalma ɗaya daga bakinta ba, alhali tana ji sarai. Kuma ba ta cire takalmi, ko wajen barci. Shekaranjiya na lallaɓa zan zare mata tana barci, ta farka ta gantsara min cizo a hannu. Har yanzu shatin haƙoran yana nan.

Kai da ka yi shekara talatin da biyar kana koyarwa, me ka ga ya dace in yi?

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin lafiyarki. Ƙafa da sauƙi. Innarki ta ce ta ji saƙon gishiri, ta ce ki fara yin aure tukuna kafin ki koya mata girki.

Kin sa hannu da "'yarka", ni kuwa har gobe Uwata zan ce miki. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma da aka haife ki sunan tsohuwata ta sa miki. Bakina ba zai iya kiran sunan nan gatsau ba.

Na ji daɗin labarin taga. Wanda ya lura da wannan a mako biyar, malami ne. Ni 'yan firamare na koyar, waɗanda suka riga suka iya ƙarya. Naki kuwa ba su kai nan ba, abin da ke cikinsu a jikinsu yake fitowa. Burodin da suke ɓoyewa kada ki ƙwace. Ki sama wa kowa 'yar jaka ko gwangwani da zai riƙa ajiye nasa, ya tashi ya tarar da shi inda ya bari. In ya tarar sau goma, sau ashirin, da kansa zai daina. Yaro ba ya yarda da magana, da maimaici yake yarda.

Cizo kuwa, ki wanke da sabulu. Ni an taɓa jifa ta da kwalbar tawada, kuma wanda ya jefe ni yanzu likita ne.

Direba yana ta danna hon a ƙofar gida, ga idon nan nawa ya fara yi min hazo in na daɗe a kan takarda. Batun yarinyar, shawarata a taƙaice: ki ƙyale ta. Ba ke kika haife ta ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa idon sauƙi.

Na yi wata guda ban rubuto ba, kuma ba aiki ne ya hana ni ba. Layin ƙarshe na takardarka ne. Na karanta shi ya fi sau biyar. Na san ba ni na haife ta ba, Kawu. Duk su ashirin da ukun ba ni na haife su ba. In kowa zai ƙyale wanda bai haifa ba, sai mu rufe siton mu mayar wa masu buhu. Daga bakin wani na saba jin irin wannan, ban zaci zan ji daga naka ba.

Shawarar gwangwani ta yi aiki, wannan na gode. Yanzu mutum shida ne kawai ke cusa burodi a riga.

Yarinyar kuwa ban ƙyale ta ba. Na daina taɓa takalmin, amma kullum ina zama kusa da ita. Tun tana matsawa har ta daina. Yanzu in ina ba da labari, sai in ji an riƙe gefen zanena. Ranar Talata wani yaro ya ɗauki kofinta, ta fizge ta ce, "Nawa ne!" Uwar Tukunya ta saki ludayi ta ce, "La ila! Ashe rediyon yana da batir." Ni kuwa bayan ƙofa na shiga na share hawaye.

To ga abin da ya taso. Mai kangon nan ya sayar da shi. An liƙa takarda cewa ƙarshen wata kowa ya tashi, za a kwashe su a mota a kai su can bayan gari, inda sai ka hau mota biyu kafin ka iso nan. Yara goma sha huɗu za mu rasa. Shugaba ta yi ta zirga-zirga ofis-ofis, ba a ce mata komai ba sai "za a duba".

Sauran ba ni da yadda zan yi da su. Amma wannan ɗaya zan iya. Ɗakina yana da fili, ina da katifar da ba a kwana a kai. Na yanke shawara zan roƙi uwar ta ba ni ita in riƙe, ta ci gaba da zuwa makaranta, in ta kai shekara shida in sa ta firamare. Uwar ta riƙa zuwa ganin ta duk lokacin da ta so. Yarinyar da ta fara buɗe baki, in aka kai ta can, rufewa za ta sake yi.

Ba izini nake nema ba, amma ba na so ka ji a bakin wani.

'Yarka.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mako shida ke nan, kullum in na tambayi direba sai ya juya min tafin hannu. In fushi kake da ni saboda yadda na yi maka magana, ka yi haƙuri. Ka rubuto ko zagi ne.

Na yi abin da na ce zan yi, kuma ya ɓaci.

Na same ta a bakin famfo da hantsi, tana tsugune gaban baho, kayan direbobi jibge a gefenta. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, har ta ture min wani bokiti in zauna. Na tsara maganata tun a hanya, na kuwa faɗe ta yadda na tsara: katifa, makaranta, abinci sau uku, asibiti in ta yi zazzaɓi. Tana ji tana cuɗa kwalar wata riga. Da na gama ba ta ɗago ba. Ta matse rigar, ta yarfa, sannan ta ce:

"Malama, wata nawa ina kawo miki ita?"

Na ce uku.

"Kin taɓa ganin ta da datti?"

Na ce a'a.

"Kin taɓa ganin tabon duka a jikinta?"

Na ce wallahi a'a, ba abin da nake nufi ke nan ba.

Ta ce, "To me na yi?"

Na fara cewa ai don amfanin yarinyar ne. Ta ce, "Na gode," ta jawo wata rigar. Na tashi na juya.

Washegari ba a kawo ta ba. Rana ta biyu ma haka. Na je kangon, maƙwabciyarta ta nuna min inda suke shimfiɗa kwali, an share wurin ƙal. Ta ce tun kafin motocin kwasa su zo suka tafi, ba ta faɗa wa kowa inda ta nufa ba. Bakin famfo ma wata ce yanzu ke wanki a wurin.

Shugaba ta kira ni ofis. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "Iyayen nan suna kawo mana 'ya'yansu ne don sun tabbata da yamma za mu mayar musu. Ranar da suka fara shakka, mun tashi aiki." Uwar Tukunya kuwa ba ta iya sakaya zance ba. Ta ce, "Ke kin je kin ce wa mai ido ɗaya ta ba ki ajiyar idon, wai naki aljihun ya fi tsabta."

Kwana goma suka rage mata a makaranta kafin a tashe su, ni na cinye mata su. Kofinta yana nan a kan kantar ajiye kofuna, na hana a ba wani.

Wataƙila gaskiyarka ce tun farko. Da na ƙyale ta.

'Yarka.

*

Uwata,

Ki gafarci manyan baƙaƙen nan kamar na ɗan aji ɗaya. Ba fushi ba ne. Yanar ido aka cire min, duka biyun, ɗaya bayan ɗaya, likita ya hana ni karatu. Innarki ta adana takardunki a ƙarƙashin filo, ta ce ba za ta ba wani ya karanta min sirrin 'yata ba. Jiya na buɗe su biyun a zama ɗaya. Da na karanta ta farko na ce a kira min direba maza, sai na buɗe ta biyu na ga aikin gama ya gama.

Laifin layin nan nawa ne. Shekara talatin da biyar ina ce wa yara su cika jimla, ga shi ni na aiko miki da rabi. Nufina ki ƙyale ta da takalminta. Wanda ke kwana a inda za a iya tashin sa a kowane lokaci, da shirin gudu yake kwanciya. Da na ce ba ke kika haife ta ba, nufina akwai wadda ta haife ta, ki je ki tambaye ta, ta fi ki sanin 'yarta. Kin je wurinta kuwa, sai dai ba da tambaya kika je ba.

Zan gaya miki abin da ko mahaifiyarki ba ta sani ba sosai. Ina ɗan shekara biyar mahaifina ya rasu. Aka fitar da mu daga ɗakin haya. Tsohuwata, mai sunanki, ta yi wata bakwai tana kwana da ni a rumfar wani mai gyaran keke, da rana tana yi wa mutane shara. Sai wani ɗan'uwan mahaifina, akawu ne, ya zo ya ce a ba shi ni. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba. Na sami gado, na sami makaranta. Duk abin da kika lissafa wa matar nan, ni an ba ni.

Sai da na shekara goma sha huɗu na sake ganin ta. Ta shimfiɗa min tabarmar baƙi. Ta kawo min ruwa a kofin da ta aro a maƙwabta. Ni kuma na zauna ina kallon ƙafafunta da suka faffashe, ina jin kunya, ina ƙirga awa nawa suka rage mota ta tashi. Ta lura. Ta dai ce in gaida mutanen gida. Har ta bar duniya ba mu koma yadda muke a rumfar mai keke ba, inda nake kwana da hannuna a cikin nata.

Ba na cewa da an bar ni da ya fi. Da wataƙila ban iya rubuta wannan ba. Ban sani ba, kuma na daina neman sani. Abin da na sani shi ne, babu wanda ya zauna da ita ya ce, "Me za a yi yaron nan ya yi karatu yana wurinki?" Kowa ya ga yaro a rumfa, ba wanda ya ga uwar da ke riƙe da shi.

Niyyarki mai kyau ce, kada ki tsani kanki. Amma ki neme ta. Mai wanki ba ta ɓata, direbobin da ta yi wa aiki su za ki tambaya, wani cikinsu ya san inda take. In kin same ta kada ki riƙa mata komai a hannu, ko alawa. Ki je ki ba ta haƙuri, sannan ki rufe bakinki ki saurara.

Kawunki.

*

Kawu,

Alhamdu lillahi da jin an yi aikin ido lafiya. Ka bi dokar likita, kada ka ce kai hedimasta ne. Ka gode min Inna da ajiyar da ta yi. Ni ce da neman gafara, na yi maka mummunar fahimta, na kuma yi maka tsiwa a kai.

Na same su. Direba na bakwai da na tambaya ya ce har yanzu ita ke masa wanki, yana ajiye mata kaya in zai wuce. Shi ya sauke ni a bayan wata masana'antar bulo, inda mutanen kangon suka kakkafa rumfunan leda da tsohon kwano. Ashe can ɗin da aka kai sauran ta bi su daga baya.

Tana shanya na iso. Ta gan ni, ta ci gaba da shanyarta. Na gaishe ta, na ce, "Na zo ba ki haƙuri ne. Na yi miki maganar da ba ta dace ba." Na yi shiru kamar yadda ka ce. Kawu, shirun nan ya fi komai wuya. Sai da ta gama igiya guda, sannan ta shiga ta fito da bokiti ta kifa min.

Ina zaune sai na ji muryar yarinya a bayan rumfa tana zuba surutu kamar an kunna famfo, tana yi wa wasu yara faɗa, tana cewa, "Ku yi layi! Wanda bai wanke hannu ba ba zai ci ba!" Muryata ce sak take kwaikwayo. Na ce, "Wace ce wannan?" Uwar ta ce, "Wadda kuka ce ba ta magana."

Ta ce tun tana 'yar shekara biyu bakinta ba ya hutawa. Ita ce ta ce mata in ta je makaranta kada ta yi magana da kowa. Akwai wata maƙwabciyarsu a ƙarƙashin gada da ɗanta ya faɗa wa wasu ma'aikata masu rubuce-rubuce inda suke kwana, aka zo aka tafi da shi gidan marayu, uwar tana raye tana ihu. Ta ce, "Da na ga ta fara sakin jiki da ke, na ce to wannan malamar ba irin su ba ce, na ce mata ta yi magana in tana so. Ba a yi wata ba kika zo min da wannan."

Ni da nake taƙama ni na buɗe mata baki.

Yarinyar ta zagayo ta gan ni. Ba ta rugo ba, Kawu. Ta laɓe a bayan uwarta tana leƙe na da ido ɗaya. Ya yi min ciwo, amma na san ni na saya.

Sai na yi tambayar da ka ce ba a yi wa tsohuwarka ba. Ta dube ni ta ce, "Ita kaɗai kike gani? Tashi." Ta zaga da ni rumfa-rumfa tana kiran matan da sunan 'ya'yansu. Yara goma sha bakwai muka ƙirga, goma sha ɗaya namu ne na da. Ta ce, "In karatu ne, ga su. Ki kawo shi nan."

Na kai wa Shugaba maganar ina ɗar-ɗar. Ta yi tunani kwana biyu, ta ba ni Talata da Asabar, da tabarma uku da akwatin kayan wasa. Mai masana'antar ya yarda mu zauna a inuwar katangarsa. Mun yi zama huɗu yanzu. Mai Wanki ce ke tattaro yaran, ita ke raba faɗa, kuma ta riga ta gaya min cewa waƙar ƙirgata ta yi tsawo. Ba makaranta ba ce sosai. Babu wanka, babu barcin rana, in aka yi ruwa mun tashi. Ban san abin da zai faru ba in aka sake tashin su.

Ranar Asabar muna naɗe tabarmi Mai Wanki ta tambaye ni wa ya ce in zo ba da haƙuri, don ta ga ba dabarata ba ce. Na ce kawuna ne. Ka yafe min, na ba ta labarinka, har da tabarmar baƙi da kofin aro. Ta daina naɗin. Can ta ce, "Tana raye?" Na ce ta daɗe da rasuwa. Ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a, mai tsawo, kamar ta san ta.

Sannan ta ce in rubuta maka wannan, kuma in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara: "Ki ce masa ranar nan ba kunyarsa uwar ta gani ba. Tsawonsa take kallo, da yadda ya yi ƙiba, da takalmin ƙafarsa. Ni uwa ce, na sani. Ki ce ya daina ɗaukar kayan nan, ya tsufa."

Na rubuta yadda ta faɗa.

'Yarka, kuma Uwarka.